Saurar Goggo

Kun sha tambayar mahaifiyarku dalilin da ya sa buhun gero ya daina zuwa mana daga ƙauye, ita kuma kullum sai ta ce ku tambaye ni, don ta san ba za ku tambaya ba. Na kuma san abin da kuka tsinta a gidajen biki da wuraren zaman makoki, wai ubanku ya hau kujerarsa ya sayar da gonakin mutane, ya tsame ta danginsa. Ban sayar da ko taku ɗaya na ƙasar kowa ba. Amma kada ku yi saurin murna, don abin da na yi ɗin bai fi wancan kyau da wani abin kirki ba. Yanzu da idona ya fara gajiya da karatu, gara in rubuta muku shi da hannuna, kafin ku gaji labarin daga bakin da bai san farkonsa ba.

Kun san a unguwar Kabara cikin Kano aka haife ni, a gidan nan da kuke zuwa gaisuwar Sallah. Kakana ne ya shigo birni da sandarsa bayan shanunsa sun ƙare, kuma kafin a zo kaina ba abin da ya rage mana na Fulatanci sai kiran Baffa da Goggo. Mahaifina fata yake sayarwa a Kasuwar Kurmi. Ƙanwarsa guda ɗaya, Goggo Hansai, ita ce aka kai aure can kudu, wani ƙauye mai nisa da zan kira Tudun Gawo, ko da yake ba sunansa ba ke nan. Sau biyu kacal na je can ina yaro, abin da na riƙe kuwa shi ne ƙaiƙayin gero da cizon sauro. Duk kaka Goggo takan aiko da buhun gero da ƙullin daddawa da garin kuka, mahaifina ya mayar mata da turmin atamfa da kayan yaji. Da ya rasu na ci gaba da aikawa, ita ma ba ta fasa ba. Iyakar sanina da noma ke nan, sai kuma jakunan da muke gani da safe ɗauke da mangalar taki suna fita ta ƙofar gari. Gonakin da ke kewaye da Kano ba sa hutawa. Shekara da shekaru ana nomansu, in sun gaji a ƙara musu taki. Ban taɓa jin an ce an bar gona ta huta ba, kuma ban taɓa tsammanin rashin sanin wannan zai taɓa cin wani ba.

Aikina zanen taswira ne a ofishin safiyo, kun sani. Na fara da alƙalami da tawada da takarda mai shara-shara, lokacin da kuskure ɗaya kan sa ka sake zanen mako guda. Da kwamfuta ta shigo, tsarana da yawa suka ja da baya suna jiran ritaya, ni kuwa na zauna na koya, ba don son ci gaba ba, sai don ba na son yaro ya fi ni sanin wani abu. Wannan halin nawa ne, kun san shi a gida ma. A ofis Ƙamus ake ce mini. Duk wanda ya rubuta sunan gari ya mance lanƙwasar ƙ ko ɗ, sai na mayar masa da takardarsa da jan alƙalami. In aka yi gardama a kan wata kalmar Hausa, a kan teburina ake kashe ta. Shekara talatin da ɗoriya ba a taɓa dawo da taswirar da na sa wa hannu ba, ina kuma faɗin haka ko ba a tambaye ni ba.

A shekarar da ta rage mini ɗaya in ajiye aiki, aka kawo mana aikin zana yadda ake amfani da ƙasa a gundumar da Tudun Gawo take. Wata hukuma ce take son kafa gandun bishiyoyi, kuma sharaɗinta mai kyau ne a takarda: ba za a taɓa gonar kowa ba, filin da ba mai amfani da shi kaɗai za a ɗauka. Aikinmu shi ne mu nuna wane ne wane. Shugabar aikin Injiniya Maryam ce, mace mai natsuwa wadda ba ta kai shekarun babbarku ba, ita ce kuma take tuƙa jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto. Na bi su sau ɗaya don in ga abin da idona. Jirgin bai fi faifai girma ba, yana da farfela huɗu, kuma in ya tashi yakan yi ta kai da komo a sama layi-layi yadda mai huɗa yake bin gona, yana ɗaukar hotuna ɗaruruwa. Mutanen ƙauyukan suka sa masa suna zirnako saboda ƙararsa. A ofis manhajar taswira takan ɗinke hotunan su zama hoto ɗaya, mu kuma mu bi kowane fili mu zagaye shi da layi, mu ba shi lamba, mu ba shi launi. Rawaya gona, ja gidaje, shuɗi ruwa, kore hanyar shanu da makiyaya. Toka-toka kuwa filin da ba na kowa ba, wanda hukumar za ta ɗauka. A ranar da na bi su muna nesa da Tudun Gawo da tafiyar rabin sa'a, na ce zan leƙa Goggo, sai rana ta yi zafi na fasa.

Da rani aka ɗauki hotunan, bayan an gama girbi. Gonar da aka noma ba ta ɓuya daga sama, kunyoyinta a jere suke ko da an kwashe kara. Matsalar ita ce wasu filaye da ba kunyoyi, sai sabara da ciyawa, amma kuma siffarsu mai kusurwa huɗu ce, ba irin ta daji ba. Kwamfuta ta kasa raba su da daji. Injiniya Maryam ta ce ba za mu yi hasashe ba, ta buga hoton a babbar takarda da lambobinsa, ta aika wa malamin dagaci, wato mai rubuta wa dagacin wasiƙu, aka ce ya zaga da masu unguwanni ya rubuta abin da kowace lamba take. Mutumin ya yi aikinsa tsakani da Allah. Takardarsa ta dawo a littafin makaranta, da rubutu mai tsafta: gona, gona, fadama, burtali, gona, maƙabarta, saura, saura, gona, saura. Aka ajiye littafin a teburin Ƙamus, don ni zan mayar da kowace kalma launinta. Na tuna Injiniya Maryam ta tsaya a kaina da kofin shayinta, ta sa yatsa a kan kalmar.

"Baba Habibu, wannan saura ɗin fa? A ina za mu sa shi?"

"Saura ai saura ne, Injiniya. Abin da ya rage bayan kowa ya ɗauki nasa."

"Ko in kira malamin a waya mu tabbatar?"

"Ki kira ɗan ƙauye ya koya mini Hausa? Toka-toka zan sa masa."

Ta yi dariya ta ce tuba take. Ni da kaina na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya na shafa musu toka, na sa hannu a taswirar, aka buga ta, manya suka sa nasu hannun a ƙarƙashin nawa. Abin da ya rage shi ne a miƙa fayil ɗin kwamfuta ga ma'aikatan da za su je su kafa turakun siminti, don su ba takarda suke bi ba, na'urar hannunsu ce take nuna musu inda za su haƙa. An sa ƙarshen wata don miƙawa.

Ana cikin haka, da bazara, Goggo Hansai ta zo birni a cire mata yanar ido. Ɗanta Iro ya kawo ta ya koma, ta zauna a gidanmu kusan mako biyu. Wasunku za su tuna ta, 'yar siririyar tsohuwa mai zane baƙi, wadda ba ta yarda ta zauna a kujera, kuma take cewa ruwan famfonmu warin ƙarfe yake yi. Wata ranar Asabar da hantsi muna tsakar gida, tana kan tabarma da auduga a ido ɗaya, mahaifiyarku tana dama mata fura, ni ina gefe ina duba jarida. Hira suke ta mata, ba na ma saurare, sai na ji mahaifiyarku ta ce ta ƙara kwana biyu mana.

"A'a, Rabi, ki bar ni in tafi. Bana zan koma saurata, ga damina ta ƙarato, ba a yi sassabe ba."

"Saurarki kuma, Goggo? Mece ce saura?"

"Ikon Allah, 'yan birni. Gona ce mana. Ciyawar wuta-wuta ta cinye ta, ƙasar ta gaji, tun bayan rasuwar Malam maigidana na ce a bar ta ta huta. Shekara huɗu ke nan. Fulani suna kwana da shanu a ciki suna bar mini taki. Bana kam ta ƙoshi, in Allah ya yarda geron da za ki gani sai kin rasa wurin zuba shi."

Ban ɗaga kaina daga jaridar ba. Kalmar ce dai, harufa biyar ɗin nan, amma ba yadda na karanta ta ba. Saura ta abin da ya rage, muryar a sama take tafiya. Wadda Goggo ta faɗa kuwa daga ƙasa ta faro ta sannan ta ɗaga, kuma ta mace ce, saurata ta ce, ba saurana ba. A baki ko yaron ƙauye ba zai haɗa su ba. A takarda kuwa ba abin da ya raba su, kuma ni a takarda na gamu da ita. Da na bar Injiniya ta yi wayar nan ta minti ɗaya, da kunnenta ya ji abin da idona bai gani ba. Na juya shafin jaridar. Na tambayi Goggo, da muryar mai neman hira kawai, ko mutane da yawa suna da irin wannan a garinsu. Ta ce kusan kowane gida, ai ƙasar can ba ta Kano ba ce, in ba ka hutar da ita ba ita za ta hutar da kai. Na ce tata a ina take. Ta ce tsakanin kukar nan mai kogo da rafin da yake ƙafewa, in ka ba wa gari baya. Na ce Allah ya ba da damina mai albarka, ta ce amin.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa ofis. Kuka mai kogo ba ta da wuyar ganewa daga sama, ga ta nan da inuwarta, ga farin yashin rafin. Filin da ke tsakaninsu lamba ɗari da sha bakwai ne, launinsa toka-toka, kuma kewaye da shi, musamman ta gabas da kudu, duk toka ce, filaye a jere masu kusurwa huɗu, waɗanda yanzu ko makaho ya shafa zai ce gonaki ne. Hanya biyu ce a gabana, kuma ba zan ce muku ban gan su duka ba. Ta farko in rubuta takarda in ce na yi kuskure, a dakatar da miƙa fayil, a janye taswirar da manya suka riga suka sa wa hannu, a sake komawa ƙauyukan. Wannan na nufin kowa a ofis, har masinja, zai ji cewa Ƙamus bai san Hausa ba, a shekararsa ta ƙarshe, ana shirin yi masa liyafar ban kwana, ana kuma maganar za a riƙe shi a matsayin mai ba da shawara bayan ritaya. Ta biyu kuwa ba ta da hayaniya. Taswirar takarda ta riga ta bushe, amma fayil ɗin yana hannuna har ƙarshen wata. Na gaya wa kaina cewa hukumar ba lallai ta ɗauki duk filayen ba, cewa dagaci zai yi magana in an zo, cewa wani zai lura. Tsoro ne da girman kai, ba wani abu ba, ko da yake a ranar sunaye masu daɗi na ba su. Na danna lamba ɗari da sha bakwai, na mayar da ita rawaya, na adana, na tashi na je na yi alwala.

Da yamma, bayan Iro ya zo ya tafi da Goggo, na gaya wa mahaifiyarku. Ina tsammanin na gaya mata ne don a yaba mini. Tana tsince shinkafa a faranti, ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba.

"To, Malam, ka gyara ta Goggo. Sauran mutanen fa?"

"Wannan ba a hannuna yake ba, Hajiya. Bakin alƙalami ya bushe."

"Bai bushe a kan ta Goggo ba ai."

"Ba za ki gane aikin ofis ba."

"Ban gane ba kam. Su ɗin ne dai saura ke nan."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Shekara arba'in da muka yi tare ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba, kuma ba ta sake tayar da maganar ba sai da ni na tayar. Na yi fushi da ita kwana uku, irin fushin da mutum yake yi da wanda ya faɗi gaskiya a lokacin da bai shirya jin ta ba. Ƙarshen wata ya zo, na miƙa fayil da hannuna.

Kafin ruwan farko aka kafa turakun. Iro ne ya kira ni a waya, da tsakar rana, ina cin abinci. Ya ce ma'aikata sun zo da na'ura da siminti, sun zagaye saurukan mutane kaf ta gabashin gari, dagaci ya yi magana an nuna masa taswira da sa hannun manya da littafin malaminsa. Ya ce da suka iso ta Goggo sai suka karkata, suka bi gefenta, suka zagaye ta da turaku ta ɓangare huɗu suka bar mata 'yar hanya, suka wuce. Ya ce mutane suna tsaye suna kallo. Ya ce wani ya tambayi ma'aikatan dalili, suka ce su abin da na'ura ta nuna suke bi, a tambayi masu zane a Kano. Kowa kuwa a Tudun Gawo ya san Hansai tana da ɗan wa a ofishin zane a Kano, don ita da bakinta take alfahari da ni. Iro bai zage ni ba. Cewa ya yi, Yaya, da ma ka sanar da mu.

A satin na rubuta takardar da ya kamata in rubuta tun farko. Na kai wa Injiniya Maryam, ta karanta a tsaye, sannan ta juyo da fuskar kwamfutarta ta nuna mini wani shafi da ban taɓa buɗewa ba. Ashe manhajar tana rubuta sunan duk wanda ya taɓa wani layi, da ranar da sa'ar. Ga sunana nan a gaban lamba ɗari da sha bakwai, ranar Litinin, ƙarfe bakwai da 'yan mintuna na safe.

"Na gani tun ranar da ka miƙa fayil, Baba. Na zaci wani gyara ne da ka tabbatar. Ban tambaya ba saboda kai ne."

"Da kin tambaya, Injiniya."

"Na taɓa tambaya sau ɗaya."

Ta kai takardar sama, ta kuma bi ta da ƙafarta, wannan shaida zan yi mata har gaban Allah. Amma ihu ne bayan hari. An riga an kawo dashe, an haƙa ramuka, ruwa ya sauka, kuma hukumar ta ce ita da taswira mai sa hannu ta yi aiki. An yi zama, an kafa kwamiti, an ce za a duba. Daga baya na ji an mayar wa wasu gidaje filaye a wani gefen, ƙasa mai tsakuwa, wasu kuma har yau suna zuwa ana ce musu su dawo. Ni ba a kore ni ba. An bar ni na ƙarasa watannina a teburin da ba a kawo masa aiki, ba a yi liyafa ba, ba a sake maganar ba da shawara ba, kuma ba wanda ya sake kirana Ƙamus, ko da wasa. Wannan ne kuka gani a lokacin kuka ɗauka shi ne abin da ya dame ni. Ya dame ni, amma ba shi ne babba ba.

Da damina ta yi tsakiya na shiga mota na tafi Tudun Gawo, karo na uku a rayuwata. Na ratsa gari ina sallama, ana amsa mini a taƙaice, ba wanda ya ce in zauna. Na sami Goggo a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa ita kaɗai. A da, in ji Iro, ba a raba tsakar gidan nan da mata, masu aron turmi da masu kawo jikoki a yi musu tofi. Tun ranar turakun ƙafa ta ɗauke. An yi suna a maƙwabta ba a aiko mata ba. Idonta ya warke sarai, ta gane ni tun daga nesa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata komai, tun daga littafin malamin dagaci har safiyar Litinin. Ban rage ba. Ta saurara tana ɓarar gyaɗarta.

"Kuskuren farko na Allah ne, Habibu, kowa yana yi. Ɗan birni ina ya san saura."

"Na so in tsare miki taki ne, Goggo."

"Ka tsare mini ita daga wa? Wanda ke gabas da ni shi ya haƙa kabarin Malam. Ta kudu ta matar da ta karɓi haihuwar Iro ce. Da ka bar ni a cikin mutane an ƙwace mana tare, da yanzu muna zaune muna kuka tare, mu je wurin dagaci tare. Yanzu in shiga gonar nan da fartanya, su suna tsaye a bakin turke suna kallona?"

"To me zan yi, Goggo?"

"Ka sha ruwa ka kama hanya, kada dare ya yi maka."

Ba ta noma ta ba a shekarar, ba ta kuma bari Iro ya noma ba. Ya roƙe ta, limamin garin ma ya ce mata halalinta ce, ta ce ta sani. Ta aika wa maƙwabtan nan biyu cewa su raba ta su noma, suka ce ba sa cin sadakar Kano. Gonar da Goggo da Iro suke nomawa a lokacin ita ce ta gaji, wadda da ma ita za a hutar a koma saurar, don haka geron da suka samu bai kai su wata shida ba. Wannan ne dalilin buhun da kuke tambaya. Ba fushi ta yi ta hana ba, babu ne. Na aika da atamfa da kayan yaji da kaka kamar kullum, har da buhun masara, ta karɓi atamfar da yajin ta dawo da masarar, ta ce a gaya mini ba a kai hatsi ƙauye daga birni. Mutanen garin sun sassauto daga baya, da suka ga shekara ta zagayo ba ta taɓa gonar ba. Mata suka dawo aron turmi. Da ta rasu bayan shekara uku, Iro ya ce mini garin kaf ya fito, kuma mutumin gabas ɗin nan, da tsufansa, shi ya fara sa magirbi a kabarinta. Na je gaisuwa, aka karɓe ni yadda ake karɓar baƙo.

Iro ya gaji gonar, shi ma bai taɓa ta ba, ya ce uwarsa ba ta ce a noma ba kafin ta tafi. Ina gaya muku wannan ne don na ji ɗayanku yana cewa ai muna da fili a ƙauye ta wajen Goggo, ko za a yi wani abu da shi. Ba mu da shi. Ko Iro ya yi muku tayi don kunya, ku ce kun gode.

Kwanakin baya Injiniya Maryam ta zo gaishe ni, yanzu ita ce babba a sashen. Sun sake tura jirgin gundumar don a ga yadda bishiyoyin suka kama, ta kuma nuna mini hoton a wayarta ba tare da na roƙa ba. Gandun ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, kore shar tun daga rafin har gindin tudu. A tsakiyarsa ga fili ɗaya mai kusurwa huɗu, ba kunya ko ɗaya, sai sabara da ta fi mutum tsayi, ga kuka mai kogo a gefensa. A taswirarsu har yanzu rawaya ne, yadda na bar shi. Ta ce suna sabunta bayanan, kuma yanzu sun ƙara launi na musamman don gonar da aka hutar, sannan ba a shigar da kalma sai an ji ta daga bakin mai ita. Ta tambaye ni me za ta rubuta a lamba ɗari da sha bakwai.

Na ce ta rubuta saura. Ta ce wacce daga ciki. Na ce ta rubuta kawai, yanzu ko da wace murya aka karanta ta, daidai ne.